Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: magana kan wasan NCAA Basketball 10

Duk wanda ke leƙa gidajen gem a unguwanninmu, daga Sabon Ibadan zuwa Agege, ya san ƙwallon ƙafa ne sarki a wajen. Amma akwai wasu samarinmu da suka kamu da son ƙwallon kwando, har yanzu suna riƙe da tsohuwar PlayStation 3 saboda wasa guda, NCAA Basketball 10, na gasar jami'o'in Amurka. Muna yawan jin su suna cewa wai wani tsohon ɗan wasa mai kwaɗayi ne ya kai ƙara kotu ya kashe musu wasan. Wannan maganar ce muka zo mu yi wa raddi, domin ba gaskiya ba ce, kuma bai dace ta fito daga bakin ɗan wannan al'umma ba.

Bari mu fara ba wasan haƙƙinsa. Kamfanin EA Sports ya fitar da shi a watan Nuwamba na 2009, da hoton Blake Griffin na jami'ar Oklahoma a bangonsa. Abin da ya fi burge mutane shi ne yadda yake kama da kallon talabijin. Za ka zaɓi salon tashar CBS, ka ji muryar Gus Johnson da Bill Raftery, ko salon ESPN ka ji Dick Vitale yana ihu. Filin kowace babbar jami'a da irin hayaniyarsa, in ka je baƙunta sai ka ji 'yan kallo sun taso maka. Sannan wasan ya fahimci bambancin ƙwallon jami'a da na NBA. Rabi biyu ake yi, kowanne minti 20, kuma a lokacin ƙungiya tana da daƙiƙa 35 kafin ta jefa ƙwallo. Saboda haka ba gwanintar mutum ɗaya ke cin wasa ba, sai an yi ta zagayawa ana miƙa wa juna har a sami kafa. Yaron da ya ƙware a nan ya koyi haƙuri da aiki tare, wannan kam ba ma musu.

Raunin da ke cikinsa ma a fili yake. Masu sharhin suna maimaita magana har ta gundure ka. Ɓangaren da kake zama mai horarwa, kana neman sabbin 'yan wasa shekara bayan shekara, bai kai na College Hoops 2K8 zurfi ba, wanda kamfanin 2K ya fitar tun 2007. Shi ya sa masu wasan da yawa har gobe suke fifita na 2K.

Amma babban aibin ba a nan yake ba. Ka buɗe jerin 'yan wasa, ba za ka ga sunan kowa ba, sai matsayinsa a fili da lambar rigarsa. Tsayinsa na nan, launin fatarsa na nan, hannun da yake jifa da shi na nan, suna ne kaɗai aka cire. Dalilin kuwa, dokar hukumar NCAA ta wancan lokacin ta hana ɗalibi karɓar ko sisi a kan sunansa ko kamanninsa. Kamfani ya sayar, hukuma da jami'o'i suka karɓi rabonsu, shi kuwa mai zufar ya tashi a tutar babu. A wannan shekarar Al-Farouq Aminu yana buga wa jami'ar Wake Forest, shi ne kuma daga baya ya ci wa Najeriya kofin Afirka a 2015 tare da D'Tigers. Irinsu ne aka mayar lamba.

Mutumin da ake zagi shi ne Ed O'Bannon, wanda ya jagoranci jami'ar UCLA ta ci gasar a 1995. Bayan ya bar wasa yana aikin sayar da motoci a jihar Nevada, sai ya ga kansa a cikin wasan EA, bahago mai lamba 31, ba wanda ya nemi izininsa. Ya shigar da ƙara a watan Yuli na 2009. To, masu cewa shi ya kashe wasan su duba kwanan wata. Kamfanin 2K ya daina nasa tun farkon 2008, bayan ciniki ya watse tsakaninsa da masu ba da lasisin jami'o'i, fiye da shekara guda kafin ƙarar. EA kuma ya sanar da daina nasa a farkon 2010, shekaru huɗu kafin kotu ta yanke hukunci. Sai a 2014 mai shari'a Claudia Wilken ta ce dokar NCAA ta saɓa wa dokar gasar kasuwanci ta Amurka. A sulhun da aka yi, EA da kamfanin lasisin suka amince da biyan dala miliyan 40, NCAA kuma miliyan 20.

Wasu za su ce ai an ba yaran karatu kyauta, me kuma suke nema? Karatu abu ne mai daraja, ba mu raina shi ba. Sai dai a 2010 NCAA ta sayar wa CBS da Turner haƙƙin nuna gasar ta Maris a kan dala biliyan 10.8 na shekaru 14. Wanda ya kawo wannan dukiya ba a rufe masa baki da kuɗin makaranta. Kuma lokaci ya nuna biyan zai yiwu. Daga 1 ga Yuli 2021 aka bar ɗalibai su ci moriyar sunansu, a 2024 kuma EA ya dawo da wasan ƙwallon Amurka na jami'o'i, ya ba duk ɗan wasan da ya yarda dala 600 da kwafin wasan. Kasuwa ba ta rushe ba, wasan ma ya yi ciniki sosai.

Me ya kawo wannan maganar shafinmu? Abu biyu. Na farko, mu ne masu dako a Mile 12, mu ne masu rako shanu daga Arewa, mun fi kowa sanin yadda ake cin gumin mutum ba a ko ambaci sunansa ba. Abin kunya ne ɗanmu ya goyi bayan gardi ya zagi kura. Na biyu, yaran Najeriya suna zuwa waɗannan jami'o'i tun zamanin Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya yi Houston. Kuma ɗaliban ƙasashen waje har yanzu bizar karatu tana takura musu wajen karɓar irin wannan kuɗi a cikin Amurka, abokan wasansu na samu su suna kallo.

Saboda haka ba mu ce a jefar da faifan ba. A yi wasa a lokacin da ya dace, bayan karatu da sana'a. Amma iyaye da masu horar da yaranmu su kula: duk wanda ya zo da takarda yana cewa zai kai yaro waje buga ƙwallo, kada a sa hannu sai wanda ya san doka ya karanta, a ga abin da aka rubuta game da suna da hoton yaron. In kuma an sake jin wani yana zagin O'Bannon a gidan gem, a tambaye shi shekarar da 2K ya daina nasa wasan.

Allah ya sa mu dace.