Wa Zai Amsa Kiran Hakimin Gwamna?

Tun da Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta yi wa dokar ƙananan hukumomi kwaskwarima a 2024, ta zare hannun Sarkin Musulmi daga naɗin hakimai da dagatai, maganar da na fi ji a bakin 'yan boko ita ce wai rigimar manya ce, ba ruwan talaka. Wai ko fada ta naɗa ko gidan gwamnati, rawanin dai ɗaya ne, mai tireda a Ƙofar Taramniya ba abin da zai ragu a cinikinsa. Wannan magana ta fi dokar kanta ɓata mini rai, domin masu yin ta sun manta da abin da ke riƙe da unguwannin da suka haife su.

Me ke sa magidanci ya rufe shagonsa ya fito gayyar yasar kwata ko gyaran maƙabarta? Kirki yana ciki, amma kirki kaɗai bai taɓa haɗa mutum ɗari a kan shebur ba. Yana fitowa ne don ya san mai unguwa yana lura da wanda ya zo da wanda ya maƙale, liman ma ya sani, kuma gobe in ɗansa ya je neman aure, a wurin waɗannan mutanen za a yi binciken asali da hali. Haka adashi yake tafiya: uwar adashi ba ta da kotu ba ta da ɗan sanda, amma da wuya mace ta kwashi nata ta daina zubi, saboda a bikin gobe za ta haɗu da duk waɗanda ta ci wa amana. Kunya ce jarin. Ita kuwa kunya ba ta aiki sai in wanda ya yi kiran na kowa ne.

Ranar da mutane suka gane kujerar hakimi a hannun gwamna take, rabin gari sun daina jin kiransa a matsayin kiran uba. Sai a ce ai na APC ne, ko a ce ragowar PDP ne. Wanda ya ƙi fitowa aikin gayya ba zai ƙara jin kunya ba, har ma ya samu masu tafa masa. A watan Afrilun 2024 Gwamna Ahmed Aliyu ya sauke hakimai 15 a lokaci guda. Ko da kowanensu ya aikata abin da aka zarge shi da shi, darasin da sauran suka ɗauka shi ne su riƙa duban fuskar gwamna kafin su dubi talakawansu.

Za a ce mini tsarin mulki ne ya ba gwamna ikon zartarwa, kuma dama can shi ke sa hannu. Ku riƙe wannan hujja ku kai ta kotu, can ne wurinta. Tsarin mulki bai taɓa shiga lungu ya lallashi uba ya fito da 'ya'yansa a ɗiga musu maganin shan inna ba. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin a 2003, akwai gwamnoni, akwai kuɗin Turawa jibge, amma cutar ta ci gaba da bazuwa har ƙasashen maƙwabta. Abin ya miƙe sosai ne bayan Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya tattara sarakunan Arewa a 2009, saƙo ya gangaro daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwar da ya san sunan kowane yaro. A watan Agustan 2020 aka tabbatar an rabu da ainihin ƙwayar cutar a Afirka. Ba'amurkiya Elinor Ostrom ta ci kyautar Nobel a 2009 saboda ta nuna cewa jama'a na iya kula da ruwansu da makiyayarsu in dokar tasu ce, masu sa ido ma nasu ne. Mu da muka gaji wannan tsari, mu ne ke warware shi da hannunmu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rabon tallafi. A da in an kawo hatsi, mai unguwa ake nema, shi ya san gidan marayu da gidan da ba a ɗora tukunya ba. Yanzu sunaye daga ofishin jam'iyya suke fitowa, a bai wa mai mota buhu, bazawara tana kallo. Bayan an gama wannan, sai a hau mumbari ana kukan wai mutanen yanzu ba su da haɗin kai. Wa ya koya musu cewa biyayya ga ɗan siyasa ta fi zumuncin maƙwabci riba?

Kuma ba yau aka fara ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa kwashe ikon En'e, aka bar sarakuna da ba da shawara. A 1988 gwamnatin Babangida ta ɗora Ibrahim Dasuki a kan kujerar Sarkin Musulmi, Sakkwato ta kama da wuta, aka rasa rayuka. A 1996 Abacha ya tsige shi kamar mai sauya direba. Kano kuwa an tsaga masarautarta gida biyar a 2019, aka sake ɗinke ta a 2024, har aka wayi gari mutum biyu kowa na cewa shi ne sarki. Soja ya yi, farar hula ya yi, kowa na ganin nasa gyara ne.

A gabashin Jihar Sakkwato, a Isa da Sabon Birni, manomin da ya ga baƙin fuska a daji dagacinsa yake fara raɗa wa, in ya amince da shi. Sarkin Gobir na Gatawa, Isa Muhammad Bawa, a hannun 'yan bindiga ya rasu a watan Agustan 2024. Irin waɗannan bayin Allah ake so su zauna a bakin daji da ransu a hannu, su tattaro amanar kowa da kowa, alhali takarda ɗaya daga gidan gwamnati ta isa ta raba su da kujerarsu. Ya kamata Majalisa ta mayar wa fada ikon naɗi, ta kuma rubuta a doka cewa ba a sauke hakimi sai an yi bincike a fili, a gaban mutanen ƙasarsa.