Ra'ayinmu: Faifai 1,000 da suka raya ƙungiyar Belle and Sebastian shekara 30

A shekarar 1996, ɗaliban wata kwaleji a birnin Glasgow na yankin Scotland suka fitar da kundin waƙoƙin wasu matasa da babu wanda ya san su. Faifan garmaho 1,000 kacal suka buga. Sunan kundin Tigermilk, sunan ƙungiyar mawaƙan kuma Belle and Sebastian.

A 2026 ne wancan kundi ke cika shekara 30. Ƙungiyar tana nan daram, tana zagaya ƙasashe tana wasa, kuma zuwa 2023 ta fitar da kundi 12. A duk tsawon wannan lokaci ba ta taɓa samun waƙa ko kundin da ya hau mataki na ɗaya a jadawalin cinikin waƙoƙi na Birtaniya ba.

Abin da ya sa muka waiwayi tarihinta shi ne wancan adadi na 1,000. Tun daga 2024, manhajar sauraron waƙoƙi ta Spotify ta kafa ƙa'idar cewa duk waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, mai ita ba shi da ko sisi a kuɗin da ake raba wa mawaƙa. Gaskiya ne sayen faifai daban, latsa waƙa a waya daban. Amma tambayar tana nan: da a ce yau waɗannan matasa za su fara, wa zai ba su lokaci da wurin da za su girma?

Ciwo, rashin aiki da wata kwaleji

Jagoran ƙungiyar, Stuart Murdoch, yana ɗalibi a Jami'ar Glasgow a ƙarshen shekarun 1980 cutar matsananciyar gajiya, wadda likitoci ke kira ME, ta kwantar da shi. Ya shafe kimanin shekara bakwai ba ya iya aiki. A cikin wannan kaɗaici ne ya fara rubuta waƙoƙi, yawancinsu a kan mutanen da ba a cika waiwayarsu ba: 'yan makaranta masu kunya, ƙananan ma'aikata, da matasan da ke kokawa da shakku a kan soyayya da addini.

Da ya fara samun sauƙi, sai ya shiga wani shiri mai suna Beatbox na horar da makaɗa marasa aikin yi. A nan ya haɗu da Stuart David, suka fara ɗaukar waƙoƙin gwaji tare.

Waƙoƙin suka isa Kwalejin Stow, inda Alan Rankine, tsohon makaɗin ƙungiyar The Associates, ke koyar da kasuwancin waƙa. Al'adar ajin ita ce duk shekara ɗalibai su zaɓi mawaƙa su fitar musu da ƙaramin faifai a kamfanin kwalejin mai suna Electric Honey, don su koyi sana'ar a aikace. A wannan karon suka ga waƙoƙin sun fi ƙarfin ƙaramin faifai, aka amince a yi cikakken kundi. Cikin 'yan kwanaki aka ɗauke shi.

Murdoch ya tattaro abokan aiki daga cikin gari: Stevie Jackson mai jita, Isobel Campbell mai babban gogen Turawa, Chris Geddes mai fiyano, Richard Colburn mai ganga. Daga baya Sarah Martin mai ƙaramin goge da Mick Cooke mai busa ƙaho suka zama cikakkun 'yan ƙungiya. Sunan kuwa daga wani labarin yara na Faransa aka aro shi, wanda Cécile Aubry ta rubuta a kan wani yaro da karyarsa. Murdoch a lokacin shi ne mai kula da zauren wani coci a unguwar Hyndland, kuma a wannan zaure ƙungiyar ke atisaye.

A lura da abubuwan da suka haɗu a nan. Shirin tallafa wa marasa aiki, ajin kwaleji, da zauren coci. Babu attajiri, babu babban kamfani.

Masu sanyin murya a zamanin hayaniya

Salon da ake kira indie pop ya samo sunansa ne daga ƙananan kamfanonin waƙa masu zaman kansu da suka yaɗu a Birtaniya tun daga ƙarshen shekarun 1970. Waƙoƙi ne masu daɗin amo da sauƙin kamawa, amma ba a yin su don gasar kasuwa. Glasgow tana da tsohon hannu a ciki, domin a nan kamfanin Postcard ya fito da ƙungiyar Orange Juice, a nan kuma The Pastels suka tashi.

Sai dai tsakiyar shekarun 1990 lokaci ne na Oasis da Blur, na ƙarar jita da cika baki a jaridu. Belle and Sebastian suka bi wata hanyar. Murya a tausashe, kiɗa a hankali. Suka riƙa gudun hira da 'yan jarida, sau da yawa ma hotunan abokansu suke bayarwa a madadin nasu.

Kamfanin Jeepster, wanda shi ma ƙarami ne, ya ɗauke su, kuma a watan Nuwamban 1996 suka fitar da kundi na biyu, If You're Feeling Sinister. Kundi biyu ke nan a shekara ɗaya, kuma har gobe masu sharhi da dama na ɗaukar na biyun a matsayin gwaninsu. Masu gabatar da shirye-shirye a rediyon BBC irin su Mark Radcliffe da John Peel suka riƙa sa waƙoƙinsu. Masoya suka riƙa kwafar Tigermilk a kaset suna ba juna, har farashin faifan asali ya kai ɗaruruwan fam kafin a sake buga shi a 1999.

Da yayyafi kogi kan cika. Kundi na uku, The Boy with the Arab Strap na 1998, ya kai mataki na 12 a Birtaniya. A 1999 kuma aka sha mamaki, inda suka lashe kyautar Brit ta sabbin mawaƙa, wadda jama'a ke kaɗa wa ƙuri'a, suka kayar da Steps da 5ive da suka fi su ciniki nesa ba kusa ba. Ɓangaren Steps ya yi ƙorafin an yi aringizon ƙuri'u ta intanet, amma ba a ƙwace kyautar ba. Abin da ya fito fili shi ne masoya kaɗan masu himma na iya rinjayar taron da ba ruwansa.

A wannan shekarar ce suka shirya bikin Bowlie Weekender a wani sansanin hutu da ke Camber Sands a kudancin Ingila, inda mawaƙa da masu kallo suka kwana a wuri ɗaya. Daga wannan tsari aka samo bikin All Tomorrow's Parties da ya yi suna daga baya.

Shekarun tangal-tangal

Ba za mu yi wa tarihin kwalliya ba. Harshe da haƙori ma kan saɓa. Daga 1998 ƙungiyar ta fara raba rubutun waƙa da rerawa a tsakanin 'ya'yanta, abin da ya yi kyau ta fuskar adalci amma masu sharhi da yawa suka ga ya rage wa kundin 2000, Fold Your Hands Child, You Walk Like a Peasant, kaifi, duk da ya shiga sahun goma na farko. Stuart David ya fice a 2000 ya koma kan ƙungiyarsa Looper. Isobel Campbell ta fice a 2002 ana tsakiyar rangadi a Arewacin Amurka. Kiɗan da suka yi wa fim ɗin Storytelling, kaɗan daga ciki aka yi amfani da shi.

A nan ne ƙungiyoyi da yawa ke watsewa. Su kuwa sai suka sauya salo. Suka koma kamfanin Rough Trade, suka kira Trevor Horn, wanda ya shahara wajen gyara waƙoƙin kasuwa, ya jagoranci aikin kundin Dear Catastrophe Waitress na 2003. Wasu tsofaffin masoya sun ga kamar an sayar da mutunci. Amma kundin ya shiga jerin masu neman kyautar Mercury, kuma ƙungiyar da a da ake kuka da raunin wasanta a dandali ta zama abin kallo.

The Life Pursuit na 2006 ya kai mataki na 8. A watan Yulin wannan shekara suka cika dandalin Hollywood Bowl da ke Los Angeles, mai ɗaukar mutum kusan 18,000, tare da babbar ƙungiyar makaɗan birnin. Shekara goma ke nan daga faifai 1,000.

Darasin wannan zango shi ne cin gashin kai ba ya nufin ƙin sauyi. Abin da suka riƙe shi ne ikon yanke shawara: su ke zaɓar da wa za su yi aiki, yaushe, kuma a kan me. Shi ya sa suka iya ɗan jingine aiki bayan 2006 suka dawo a 2010, Murdoch ya shirya fim ɗinsa God Help the Girl da ya fito a 2014 da gudummawar masoya a cikin kuɗinsa, sannan a 2015 ya rera labarin ciwonsa a fili a waƙar Nobody's Empire. Da annobar korona ta hana su tafiya Amurka ɗaukar waƙa, sai suka mayar da ɗakin atisayensu na Glasgow situdiyo, suka fito da kundi biyu, a 2022 da 2023.

Ko a 2017 da motarsu ta manta da mai gangarsu a wani kantin Walmart a jihar Dakota ta Arewa, sanye da kayan barci, ƙungiyar ta nemi taimakon jama'a a Twitter, kuma ya iso kafin a fara wasa.

Tsanin da ake janyewa

A ganinmu, babban abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne mawaƙi ba ya tsirowa a sarari. Yana buƙatar ƙananan matakai da zai taka tun ba shi da suna. Kamfanin Electric Honey da ya fito da Belle and Sebastian shi ne kuma ya fitar da faifan farko-farko na matasan da suka zama Snow Patrol, da na Biffy Clyro, waɗanda daga baya suka riƙa cika manyan filaye. Ajin kwaleji ɗaya, ƙungiyoyi uku.

Waɗannan matakai ne ke ƙarewa. Ƙungiyar Music Venue Trust ta ce a 2023 kaɗai Birtaniya ta rasa ƙananan gidajen wasa 125, wasu sun rufe, wasu sun daina ɗaukar kiɗa. Hakan na faruwa ne a daidai lokacin da manyan taurari ke tara maƙudan kuɗi a filayen ƙwallo.

Akwai masu cewa zamani ya sauƙaƙa komai, tunda yaro zai iya haɗa waƙa a wayarsa ya sake ta duniya ta ji a rana ɗaya. Wannan gaskiya ne, kuma ita kanta Belle and Sebastian tana cikin ƙungiyoyin da suka fara cin moriyar intanet. Spotify ma tana da hujjarta: ta ce kuɗin da irin waɗannan waƙoƙi ke samu ƙalilan ne da sau da yawa ba ya isa hannun mawaƙi, kuma ƙa'idar na taimakawa wajen daƙile masu damfara. Amma sakin waƙa abu ne mai sauƙi, samun shekara biyu ko uku na koyo da kuskure a gaban mutum 50 shi ne mai wuya. Wannan kuwa waya ba ta bayar da shi. Haka kuma manhajar da ke auna darajar waƙa da yawan latsawa tana fifita abin da ke kama kunne nan take a kan abin da ke shiga zuciya a hankali.

Don haka muna goyon bayan shawarar da wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya bayar a 2024, cewa a riƙa cire wani ɗan kaso daga tikitin manyan wasanni a tallafa wa ƙananan gidajen wasa. Fam ɗaya a kan kowane tikiti, kamar yadda masu fafutuka ke nema, ba zai karya kowa ba. Muna kuma ganin bai dace manhajojin sauraro su kwashe haƙƙin ƙanana su ƙara wa manya ba, komai ƙanƙantarsa. Kwalejoji da hukumomin da ke neman inda za su rage kashe kuɗi su tuna cewa irin ajin Alan Rankine ba almubazzaranci ba ne.

Shi ma mai sauraro yana da nasa. Idan kana son mawaƙin da bai yi suna ba, sayi kundinsa, ka je wasansa, ka gaya wa abokinka. Da haka masoyan Belle and Sebastian suka riƙe su, daga kaset zuwa kaset.

Stuart Murdoch ya fara ne yana mara lafiya, mara aiki, a garin da ya ba shi aji, zaure da faifai 1,000. Akwai irinsa a yau a wani ɗaki, yana rubutu. Abin da ba mu da tabbas a kai shi ne ko zai tarar da ƙofar a buɗe.