Masu tonon juji don neman tsohuwar kwalba: zare

1/ A Ingila da Amurka da Ostireliya akwai mutanen da idan hutun ƙarshen mako ya zo, shebur suke ɗauka su nufi tsohon juji su yi ta tono. Ba 'yan jari bola ba ne fa, da aikinsu da motarsu. Tsohuwar kwalba kawai suke nema. Bidiyoyinsu sun cika YouTube da TikTok, har na fara ganin namu suna cewa mu ma mu gwada. Ina da magana a kai. Ku yi haƙuri da tsayi.

2/ Farko, ba hauka ba ne. Kwalba tana faɗin shekarunta ga wanda ya iya duba ta. A da da baki ake busa ta. Idan ka juya gindinta ka ga tabo mai kaushi, wurin da maƙerin ya ɓalle sandar da ya riƙe ta da ita ne, kuma irin wannan galibi ta haura shekara 150. Idan kuwa layin haɗin gefenta ya miƙe har saman baki, aikin inji ne, wato bayan 1903 da Michael Owens ya fito da injin yin kwalba a Amurka.

3/ Wadda ta fi burge ni ita ce kwalbar Codd. Wani Bature, Hiram Codd, ya ƙirƙiro ta a Ingila wajen 1872. Ba ta da murfi. Ɗan ƙwallon gilashi ne a cikin wuyanta, iskar lemon ke tura shi sama ya toshe baki. Yara suka riƙa fasa kwalaben don su ciri ƙwallon su yi wasa, shi ya sa lafiyayyarta take da daraja yau. Yaro dai yaro ne ko a ina. Har gobe ana sayar da lemo a irinta a Indiya da Japan.

4/ Akwai kuma kwalaben guba, shuɗaye masu zane-zanen kaushi a jiki, don mai laluben magani cikin duhu ya ji a hannunsa kafin ya kai baki. A Amurka har tsohuwar shadda suke tonawa, saboda nan ne mutanen da suke watsa shara. Eh, shadda. Ku bar yamutsa fuska, bayan shekara ɗari ƙasa ce kawai.

5/ Abin da na yarda da su a kai: littafin tarihi labarin sarki da gwamna yake ba ka. Juji shi ke gaya maka me mutanen gidan suka sha, wace cuta ta dame su har suka yi ta sayen magani iri ɗaya, turaren wace ƙasa suke shafawa. Ba wanda yake gyara shararsa don a yabe shi.

6/ To amma a nan lamarin ya sha bamban. Mu kwalba ba ta mutuwa da wuri. Lemo ya ƙare a zuba man gyaɗa, daga nan kananzir, daga nan mai gyaɗa ta karɓa, daga nan mai sayen kwalabe ya zo ya saye. Sai ta fashe take ganin juji, ita ma fasasshiyar a kan katanga take ƙarewa.

7/ Jujin kansa ba ya tsufa. A Kano tun zamanin kakanni jakuna ke kwashe sharar birni zuwa gonakin kewaye a matsayin taki. Wato abin da Bature yake tararwa a jere, shekara bisa shekara, mu namu ya daɗe da watsuwa cikin kunyoyi. A Bida kuwa masu aikin gilashi narkar da kwalabe suke yi su mai da su duwatsun wuya da awarwaro.

8/ Ma'ana wuraren da za a samu tsofaffin kwalabe kwance a inda aka jefa su ba su da yawa. Lokoja. Zungeru, hedikwatar Turawa a Arewa daga 1902 har aka koma Kaduna. Tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa, tunda layin ya iso Kano a 1911. Tsofaffin barikoki da unguwannin Turawa da bayan kantunan kamfanoni. Kaɗan ne, kuma wanda aka birkita ya tafi ke nan.

9/ Nan ne tsorona yake. Darajar kwalba a wurin mai bincike rabi a jikinta take, rabi a inda aka same ta: zurfin nawa, me ke kusa da ita, me ke sama, me ke ƙasa. Ka fizgo ta ka wanke ka ɗora a kanta, ka samu kayan ado, amma ka yaga shafin da take ciki.

10/ Kuma mun san yadda tono yake ƙarewa a ƙasar nan da zarar an ji akwai mai saye da dala. Ku tambayi abin da ya faru da kayan Nok, da na Kwatarkwashi, da na Bura a Nijar. An yi ta haƙa, 'yan ƙauye suka karɓi na cefane, kayan suka ƙare a kasuwannin Turai, har sai da aka sa su a jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗari a 2000. Kwalba ba ta kai su kuɗi ba, na sani. Amma shebur ɗaya ne, kuma wanda ya je neman kwalba ya ci karo da tukunya ba zai mayar da ita ba.

11/ Ga doka ma. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ce tono don neman kayan tarihi sai da izini. Ba a maganar fasasshen gilashi da tsatsa da ramin da zai iya ruftawa da mutum.

12/ Wani zai ce ai ko ba mu tona ba, gobe katafila za ta zo ta niƙe komai a yi plaza. Wallahi gaskiya ne, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da masu tonon suke da ita. Shi ya sa ban ce a haƙura gaba ɗaya ba. Inda ake haƙa harsashin gini ko kwalbati, ko inda zaizayar damina ta bankaɗo, ka nemi izinin mai wuri ka tsinta. Ka ɗauki hoto kafin ka taɓa, ka rubuta unguwa da zurfi da rana. Idan abin ya yi yawa, ka kai labari gidan tarihi mafi kusa ko sashen nazarin kayan tarihi na jami'a, kamar na ABU Zariya. Wanda ban yarda da shi ba shi ne a buɗe sabon rami don a samu na sayarwa ko na bidiyo.

13/ Kafin ma shebur, ku leƙa ɗakin kaka. Bayan jeren kwanuka, ƙarƙashin gado, akwai kwalaben turare da na magani da suka girmi iyayenmu, lafiyayyu, kuma mai su tana nan da ranta, za ta gaya maka wa ya kawo mata daga ina. Wanda ya samu ya ɗauko hoton gindinta da bakinta ya ajiye a ƙasan zaren nan, mu duba layin haɗin tare.