Yaran da Ba a Fita da Su Ranar Sallah

A unguwanninmu akwai yaran da ake yi wa ɗinkin sallah amma ba a ganin su da shi a waje. Idan an sauko daga Idi, sauran yara sun yi ayari suna bin gida-gida karɓar goron sallah, su kuwa suna ƙuryar ɗaki, an ja musu ƙofa, an miƙa musu waya su yi wasa. Baƙo ya tambaya, a ce masa, "Barci yake yi." Kowa ya san ba barci yake ba. Yaro ne da ya kai shekara shida bai fara magana ba, ko mai toshe kunne yana ihu da zarar an taru, ko wanda ba ya iya zama wuri guda. Iyayensa sun gaji da kallo da tsegumi, sai suka zaɓi ɓoye shi. A ganina, kaso mafi tsoka na alhakin wannan ɓoyo yana wuyanmu mu dangi da maƙwabta, domin mu ne muka mai da ranar farin ciki ta zama ranar tuhuma ga yaro da uwarsa.

Irin waɗannan yara ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Bayan su akwai masu lalurar ADHD, waɗanda hankalinsu ke saurin tarwatsewa, jikinsu ba ya son zama, mu kuma mu ce ƙiriniya ce. Akwai masu disleksiya, yara masu kaifin basira a baki amma haruffa na rikice musu a takarda da allo, mu ce musu daƙiƙai. Abin da ya haɗa su shi ne ƙwaƙwalwarsu tana karɓar sauti da haske da magana ta wata hanya daban da ta yawancin mutane. Binciken masana ya nuna gado ne ke da babban tasiri a galahanga, kuma alamunta kan bayyana kafin yaro ya cika shekara uku. Allurar rigakafi ba ta kawo ta. Likitan Ingila da ya yaɗa wannan zargi a 1998, Andrew Wakefield, mujallar The Lancet ta janye rubutunsa a 2010, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita.

Ɗora wa uwa laifi ma ba a kanmu aka fara ba. Bayan da likita Leo Kanner ya bayyana wannan lalura a 1943, daga nazarin yara 11 a birnin Baltimore na Amurka, an shafe shekaru masana na cewa sanyin zuciyar uwa da rashin nuna ƙauna ne ke jawo ta. Mata da yawa sun rayu da wannan baƙin ciki kafin ilimi ya wanke su. Can an bar wannan magana, a nan kuwa tana nan da ranta, tufafi kawai ta sauya. A ce ta fita da almuru tana da juna biyu. A ce kishiya ce ta yi sammu. A ce ɗan ruwa ne, aljanu suka musanya mata. Uwar miji ta taɓe baki ta ce, "Mu dai a danginmu babu irin wannan." Matar da ke kwana a zaune da yaron da ba ya barci, ita ce kuma za ta wayi gari tana kare kanta.

Mu dubi safiyar sallah da idon irin wannan yaro. Wata guda ke nan tsarin gidan ya birkice, ana tashi sahur, abinci ya koma dare. Yau kuma an tashe shi tun da duhu, an zura masa sabuwar shadda da sitaci ya ƙame, bakin wuyan yana gogar fatarsa, zaren ɗinkin yana sukarsa a ƙirji. An kifa masa hular da ta matse, an sa masa takalmin da bai taɓa takawa ba, an feshe shi da turare. A filin Idi lasifika na amsa-kuwwa, jama'a kafaɗa da kafaɗa. Idan a Kano ne ko Katsina ko Zazzau, ga hawa: tambura, algaita, kakaki, ga 'yan bindiga suna ɗirka harbi. Abin da ke sa sauran yara tsalle don murna, shi a kunnensa zafi ne na gaske. Daga nan a wuce gidan kaka, inda mutum talatin ke jiran ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta jawo shi jikinta, kawu ya riƙe masa haɓa yana cewa, "Kai, ba ka iya gaisuwa ba ne?" A nan ne igiya ke tsinkewa. Ya faɗi yana birgima, yana buga kai da ƙasa. Tsakar gida ta yi tsit, idanu su koma kan uwar, wata ta ce, "Ai ke kika sangarta shi." Haka abin yake a gidajen da ke bikin Kirsimeti, inda ƙarar banga da kiɗa ke maye gurbin bindigar hawa.

Akwai bambanci tsakanin wannan da rigimar yaro mai son a saya masa alawa. Mai rigimar alawa yana satar kallonka ya ga ko ka karaya, da zarar ya samu abin da yake so ya yi shiru. Wannan kuwa ba ya neman komai a wurin kowa. Randa ce ta cika ta tumbatsa, kuma tsawa da bulala ƙarin ruwa ne a kanta. Abin da ke taimakonsa shi ne a janye shi daga hayaniya, a rage magana, a kare kansa kada ya ji ciwo, a zauna kusa da shi har jikinsa ya lafa. Nasiha, idan akwai, sai daga baya.

Na san abin da za a ce: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in aka biye wa yaro ba zai taɓa koyon ladabi ba. Babu mai cewa a bar tarbiyya. Waɗannan yara suna koyo, kuma suna buƙatar iyaka kamar kowane yaro. Amma koyonsu a hankali ne, da maimaici, cikin natsuwa, ba a tsakiyar taro ba. Duka ba ya koya wa yaro jure ƙarar da ke yi masa ciwo, tsoron mai dukan kawai yake koya masa. Mun kuma ga inda hanyar gyara da ƙarfin tsiya ke kaiwa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, ciki har da ƙananan yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. Ba ina cewa masu galahanga ne ba. Ina cewa al'ummar da ba ta san wani magani ga yaro mai wuyar sha'ani ba sai mari da bulala, yaran da ba sa iya faɗin abin da ke damunsu su ne za su fi kowa shan wuya a hannunta.

Addininmu bai bar mu babu abin koyi ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita, don ya san halin da uwar yaron ke shiga. Bai sa a fitar da ita ba, bai ce ta bar zuwa masallaci ba. Sahun gaba ɗaya ne ya sassauta saboda yaro guda. Idan salla ta ɗauki wannan rangwame, ina ga gaisuwar sallah da ɗaukar hoto?

Ga iyaye, shiri tun da wuri yana rage rabin wahala. A riƙa gaya wa yaro abin da zai faru kwanaki kafin ranar: za mu je Idi, daga nan gidan Hajiya, sannan mu dawo. A nuna masa hotunan waɗanda zai gani. A karɓo ɗinki da wuri, a wanke shi sitacin ya fita, ya gwada sawa a gida. In ya ƙi shaddar, yadi mai laushi ma kayan sallah ne, kuma hula ba farilla ba ce. Yarinyar da ba ta jure kitso ko ƙunshi, a yi mata abin da za ta iya ɗauka. A filin Idi a tsaya gefe, inda fita ke da sauƙi. A tafi da abincin da ya saba ci, domin wasunsu ko yunwa za ta kashe su ba za su taɓa tuwon gidan wani ba. Ziyarar rabin awa da aka tashi lafiya ta fi wuni guda da ya ƙare da kuka. Dogon hutun makaranta ma haka ne: lokacin tashi, cin abinci da kwanciya su tsaya yadda suke, ko da an tafi ƙauye. Mai ɗaki ɗaya ba shi da wurin keɓewa, gaskiya ne, amma lungun bayan gado, zaure, ko ɗakin maƙwabciya mai fahimta duk suna iya zama mafaka.

Ga dangi kuwa, abin da ake nema bai kai kuɗin goro ba. Idan yaro bai gaishe ka ba, kai ka gaishe shi. Kada ka tilasta masa kallonka ko zuwa hannunka. Ka rage ƙarar talabijin. Ka tambayi uwarsa, "Me yake so, me ba ya so?" maimakon ka karanto mata sunayen masu magani. Ta riga ta ji su duka, ta sha hayaƙi da rubutu da alƙawura, wasu ma sun cinye mata jari. Addu'a alheri ce, ba ta kuma hana zuwa asibiti. Idan yaro ya birkice, kora 'yan kallo ya fi ba da shawara amfani. Gwaggon da za ta ce, "Kawo shi nan, je ki ci abinci ki huta," ta yi zumuncin da ya fi turmin atamfa.

Maigida ma yana da nasa. Sau da yawa uba ya sa babbar riga ya fita da yaran da ake yaba wa, ya bar wannan da uwarsa. Ranar da ya riƙe hannun ɗansa ya zaga da shi unguwa, ya ce wa abokansa, "Ga ɗana, hayaniya ce ba ya so," ranar bakin mutane da yawa zai mutu, domin abin da uba ya ɗaga kai ya nuna, ba kasafai ake yi masa dariya ba. A kuma tuna da 'yan'uwansa. Yayar da aka mayar mai raino tun tana shekara tara ita ma yarinya ce, tana da haƙƙin yawon sallah da ƙawayenta, tana da haƙƙin ta ce ta gaji ba tare da an ce ba ta da tausayi ba.

Sallah kwana uku ce, sauran shekara ita ce aikin. Yaron da ya kai shekara biyu ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya furta kalma, a kai shi asibiti a fara da gwajin ji, kada a tsaya ga "ai babansa ma bai yi magana da wuri ba." Asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Kaduna da Kware da Maiduguri, wuraren farawa ne. Babu ƙwayar da ke warkar da galahanga, duk wanda ya ce yana da ita kuɗinka yake so. Amma horon magana da na mu'amala, idan an fara da wuri, yana sauya rayuwar yaro, kuma farfaɗiyar da kan zo tare da lalurar tana da magani. Temple Grandin, wata mai galahanga a Amurka, ta wuce shekara uku ba ta magana, aka ba da shawarar a kai ta gidan ajiye masu lalura, mahaifiyarta ta ƙi. Ta zama farfesa a kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado, kuma mayankar shanu da dama a Amurka da tsarin da ta zana suke aiki. Ba kowane yaro ne zai zama farfesa ba, wasu har abada za su buƙaci mai kula da su, kuma darajarsu ba ta ragu da wannan ba.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Najeriya a watan Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da tsangwama ba. Amma doka ba ta shiga tsakar gida, ba ta zama a ajin Islamiyya inda malami ke riƙe da dorina a kan yaron da hadda ta gagara. Wannan aikin limamai ne da malamai da masu unguwa. Huɗuba ɗaya a kan haƙƙin waɗannan yara kafin sallah za ta isa gidajen da likita ba zai taɓa shiga ba. Kafin nan, kowannenmu ya san gida ɗaya a danginsa ko layinsu da ke da irin wannan yaro. A sallar bana ya je takanas, ya tambaye shi da sunansa, ya ba shi goron sallarsa, ko ya gaishe shi ko bai gaishe shi ba.