Ku daina "wayar wa matan ƙauye kai", ku ba su kujera inda ake raba kuɗi

Ƴan uwa, na gaji da wannan kalma ta "wayar da kai". Duk lokacin da aka tada zancen karatun ɗiya mace a Nijar, sai a kama zauren otel a Yamai ko Maraɗi, a raba pardiyam, a fito a ce matan ƙauye ba su san amfanin lekol ba. Ni dai abin da na gani da idona ya ƙaryata wannan zance.

Bara waccan ɗiyar gwaggota ta samu shiga sizyam. Garinsu babu CEG, mafi kusa sai an yi tafiyar awa biyu a ƙasa. Babanta ya ce ba shi da halin ciyar da ita a wani gari, ga shi kuma manemi ya fito. Ba wata ONG da ta leƙo. Matan asusun gwaggo ne suka tsaya, masu zuba dala ashirin-ashirin kowace Alhamis. Suka ba ta bashi ta sayi kaye da bik da tufafi. Ɗaya ta aika wa yayarta da ke aure a garin da kolej yake, ta karɓi yarinyar. Sauran suka yi alkawarin tiya-tiya ta hatsi duk wata. Tsofaffi biyu suka zauna da baban a zaure har ya sauko. Cikinsu babu wadda ta taɓa zama aji. Yau yarinyar tana katriyam.

Kuma ba yau suka fara ba. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka haife shi a 1991 tare da CARE, a kan adashen da iyayenmu suka gada, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Matar da ta shekara talatin tana riƙe akwati, tana ba da bashi tana karɓa, ita ce za ka koya wa tanadin gobe? Haba!

Kar a ce ina rufe ido. Na san alƙaluman da ke cewa kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan matanmu ana aurar da su kafin shekara 18, na kuma san akwai uwayen da ke cikin masu turawa. Amma a duba abin da ke gabansu. A 2017 gwamnati ta sa hannu kan dokar kare ɗiya mace da ke karatu. Madalla. Sai dai takarda ba ta gina ɗakin kwana, ba ta kai malami ƙauye. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Maraɗi, yara sama da 20 suka rasu. Uwar da ta ji wannan ta yi jinkirin sakin ɗiyarta, jahilci ne ke damunta ko tsoro mai dalili?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake yi da su a makarantun. Akwai ƙungiyar uwaye ta AME, amma a inda na sani, ana tuna ta ne ranar da baƙi za su zo, a ce su share fili su dafa abinci. Ranar da COGES zai zauna kan kuɗi kuwa, maza ne zalla ke magana. Masu bin gida-gida suna tambayar abin da ya hana wance zuwa lekol su ya kamata su riƙe akwatin, su kuma sa baki a kasafin kuɗin meri.

Mu ma ƴan birni kar mu wanke kanmu. Ranar 13 ga Mayu mu ɗinka anko mu watsa hotuna, washegari shiru. Gwaggo ta aiko in je hutun nan in rubuta musu takarda zuwa ga magajin gari, suna neman a gina wa ƴan mata ɗakin kwana kusa da kolej. Sun riga sun samu mai ba da fili. Wanda ya iya faransancin ofis ya neme ni, mu tafi tare.