MOTAR TAFI-DA-GIDANKA: WACE IRI CE TA DACE DA ƘASAR KATAGUM?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata sana'a mai ƙarfi ta ƙera motocin da ake kwana a cikinsu, watau mota mai gado da murhu da makewayi, wadda magidanci zai zuba iyalinsa su tafi yawon hutu. A shekarar 2021 masana'antun Amurka sun fitar da irin waɗannan motoci, da ɗakunan da ake ja da mota, fiye da 600,000, yawancinsu daga kewayen garin Elkhart na Jihar Indiyana. Amma kafin ƙarshen 2023 adadin ya faɗo zuwa kusan rabi, domin kuwa kayan shaƙatawa ne, da zarar aljihu ya yi sanyi su ake fara haƙura da su.

Mai karatu zai ce, to, ina ruwan mutumin Azare ko Gamawa da wannan? Da ruwansa ƙwarai. Abin lura a sana'ar nan shi ne, akasarin masu yin ta ba sa ƙera inji. Sukan sayi shasi, watau ƙashin mota da injinta, daga kamfanoni irin su Fiat da Mercedes da Ford, sa'an nan su gina ɗaki a kai. Ashe ke nan aikin kafinta ne da mai walda da mai haɗa wayar lantarki. Wannan kuwa ba baƙon aiki ba ne a Arewa, inda aka daɗe ana yi wa manyan motoci bodin katako.

Ita ma dabarar ba sabuwa ba ce. Fulani makiyaya sun gaji ɗaure gidansu a bayan takarkari su bi ciyawa. Tsofaffi kuma ba su manta da motar majigi ta zamanin En'e ba, wadda ke shiga ƙauye da injin wutarta da ma'aikatanta. A 1989 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Ilmin Makiyaya, wadda ta yi amfani da azuzuwan da ake naɗewa a bi ruga da su.

Saboda haka motar da ƙasar Katagum ke bukata ba ta yawon buɗe ido ba ce. Ta aiki ce: ƙaramin asibiti, ko ɗakin likitan dabbobi, ko aji, wanda zai kwana inda jama'a suke. Tun 1916 da aka mayar da hedkwatar masarauta daga garin Katagum zuwa Azare, manyan abubuwa a Azare suke taruwa. Nan babban asibitin Gwamnatin Tarayya yake, nan kuma aka kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a 2021. Amma daga Azare zuwa garin Katagum tafiyar mil 40 ce da 'yan kai, balle ƙauyukan fadama na Zaki da Gamawa da Itas/Gadau, waɗanda ruwa kan yanke su idan kogin Jama'are ya cika. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke har babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a Ƙaramar Hukumar Katagum. Idan babban titi ya zama haka, yaya mai naƙuda da ke bayan fadama za ta yi? Asibitin da ya riga ruwa isa ƙauye, ya zauna can da ungozoma da magani, shi ne zai cece ta. Ba a fafa gora ranar tafiya.

To, amma fa wajen zaɓe ake yin ɓarna. Sau da yawa mai sayayya kyan fenti yake dubawa. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, idan ta lalace a Sakwa ko Udubo, akwai bakaniken da ya san injinta? Akwai kayan gyaranta a kasuwar Azare, ko sai an aika Turai? Motar da aka gina a kan shasin da kowane gareji ya sani, kamar Hilux ko ƙaramar babbar mota mai shan gas, ta fi wadda kwamfuta ke sarrafa komai nata.

Na biyu, ƙasa. Motocin hutun Turawa gindinsu a ƙasa yake, don kwalta aka yi su. Rairayin arewacin Bauchi da taɓon damina suna son mota mai tsayin ƙafa, mai jan taya huɗu. Na uku, zafi. An yi waɗancan ne don tsare sanyi, har da murhun ɗumama ɗaki. A bazarar Katagum abin da ake so shi ne rufi mai ninki biyu, da tagogi masu raga, da babban tankin ruwa, da farantan hasken rana a sama don firjin allurar rigakafi, musamman yadda mai ya yi tsada tun janye tallafi a 2023. Na huɗu, a kiyayi tsohuwar motar Ingila mai sitiyari a dama, komai arharta. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ba ta yarda da irin wannan sitiyari ba.

Saura batun wanda zai ƙera. Jihar Bauchi ta taɓa ganin masana'antar mota da idonta. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Steyr ya fara haɗa manyan motoci da taraktoci a garin Bauchi, kamar yadda Peugeot ya haɗa ƙananan motoci a Kaduna. Amma da yake kusan kowane ƙarfe daga waje ake kawo shi, da darajar Naira ta karye bayan 1986 sai irin waɗannan masana'antu suka shiga halin ni-'yasu. Kayan aro ba ya rufe katara. Darasin shi ne a fara da abin da hannu zai iya, watau bodi, a bar inji ga masu inji tukuna.

Don haka ya kamata Gwamnatin Jihar Bauchi da ƙananan hukumomin yankin, idan za su sayi motar asibiti, su sayi shasi kawai, su ba ƙungiyoyin masu walda da kafintocin Azare kwangilar ginin, bisa tsarin da injiniyoyi da likitoci suka zana. A gwada da guda biyu ko uku, su yi damina ɗaya a fadama, a ga inda suka gaza, a gyara. A kuma ware kuɗin mai da taya da alawus ɗin ma'aikata tun a kasafi, domin motar da aka yi bikin ƙaddamarwa aka jingine ta a sakatariya ba ta amfani kowa ba sai 'yan kwangila.

Masu iko su duba wannan magana tun rani bai wuce ba. Allah Ya sa a dace.