Zanen Gilashi Sana'a Ce Mai Kyau, Amma a Bar Yashi a Rafi

 

Kowace shekara, da zarar an ɗaure gero da dawa an kai rumbu, an rore wake, an cire gyaɗa, zance ɗaya ne ke tashi a zumuntarmu: me za mu yi da rani? Mu mutanen Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi, Bichi da Minjibir mun san halin ƙasarmu. Gona na jingine da gona, babu saura, babu dajin da za a sara. Gonar da ta ciyar da kakanmu an raba ta tsakanin iyayenmu, kuma za a sake raba ta tsakaninmu. Wanda ya sami fili kusa da dam ɗin Tomas ko na Watari ya yi noman rani, sauranmu kuwa sai ci-rani ko sana'ar hannu. Shi ya sa duk wanda ya zo da zancen sabuwar sana'a muke kasa kunne.

Ɗaya daga cikin sana'o'in da ke jan hankalin matasa ita ce zana gilashi da feshin iska. Kun sha ganin aikin ko da ba ku san yadda ake yin sa ba: ƙofar gilashi a banki ko otal a birnin Kano mai fari-farin zane kamar hazo, madubin ɗakin amarya mai furanni a gefe, teburin wa'azi na gilashi, da kuma lambar yabon da muke haɗa kuɗi mu saya in an yi wa fasto ko malami canjin wurin aiki. Mu a namu ra'ayin, sana'a ce da ta cancanci a koya. Amma muna da sharaɗi ɗaya da ba za mu sassauta ba: kada ɗan zumuntarmu ya yi ta da yashin rafi, kada kuma mu sayi aikin wanda ya yi da shi.

Bari mu fara da yadda aikin yake, don wanda bai gane shi ba ba zai gane inda haɗarin ya ɓuya ba. Ana wanke gilashi tas, a rufe fuskarsa da leda mai manne ko roba. A zana abin da ake so a kai, a yanke da wuƙa mai tsini ko da injin yanka sitika, a ɓare wuraren da ake so su ci. Sai a kawo injin iska, ɗan'uwan wanda mai faci ke hura taya da shi, ya tura gari mai kaifi ta cikin siririn bututu da ƙarfi. Inda garin ya bugi roba sai ya yi tsalle ya koma, don roba tana da laushi. Inda ya bugi gilashi tsirara sai ya riƙa ɓantarar sa ƙanana-ƙanana har wurin ya yi fari. In an ɗan wuce sau ɗaya, hazo kawai ake samu. In ana son sassaƙa mai zurfi, sai a nemi gilashi mai kauri a yi aikin hawa-hawa: a fara ɓare inda zai fi zurfi a fesa, a ɓare na biye a sake fesawa, har ganye ya hau kan ganye kamar da hannu aka jera su. A nan ne gwani ke rabuwa da ɗan koyo, domin abin da iska ta ci ba ya dawowa. Madubi kuma ta baya ake fesa shi, a cire shafen da ke mayar da hoto, a sa fitila a bayansa. Kuma wanda ya zurfafa sassaƙa a kan gilashin da aka riga aka gasa don ya yi ƙarfi, irin na gefen mota, zai iya ganin sa ya tarwatse gaba ɗaya kamar tsakuwa.

Aikin ya dace da mu ta wani fanni da ba a cika faɗa ba. Rabin sana'ar zane ne, zane kuwa gadonmu ne. Dagi da ke jikin soraye, aska takwas ta babbar riga, zanen ƙwarya da faifai, duk sun fi hoton agwagwar ruwa da furen Turai da ake saukewa daga intanet kyau a jikin gilashi. Ko aikin gilashin kansa ba baƙo ba ne a ƙasar nan: a unguwar Masaga ta garin Bida, a Jihar Neja, an daɗe ana narka kwalabe ana yin munduwa da duwatsun wuya.

To ina matsalar? Tana cikin sunan da Turawa suka ba aikin, wato feshin yashi. Wani Ba'amurke mai suna Benjamin Tilghman ne ya yi rajistar dabarar a 1870, kuma da yashi aka fara. Sunan ya zauna, amma ƙwararrun masu zanen gilashi sun daɗe da barin yashi. Birtaniya ta haramta fesa yashi wajen goge ƙarafan zubi tun 1949, wasu ƙasashen Turai suka bi. Ba don yashi ba ya cin gilashi suka bari ba. Yana ci sosai. Sai dai yana haɗawa da mai fesawar.

Yawancin yashi wani ma'adini ne da ake kira silika. Ƙwayar yashi yadda take a rafi ba ta da wata illa. Yara na wasa a kai kullum. Amma in iska ta maka ta a jikin gilashi da ƙarfi, sai ta farfashe ta zama ƙura wadda ta fi ƙwayar yashi ƙanƙanta sau ɗari ko fiye. Ido ba ya ganin wannan ƙurar. Gashin hanci ba ya tare ta, tari ba ya fitar da ita. Takan wuce can ƙasan huhu, inda iska ke shiga jini, ta zauna. Jiki ya yi ta yaƙi da ita ba ya iya narkar da ita, sai wurin ya zama tabo. Tabo kan tabo, huhun da ya kamata ya yi laushi kamar soso sai ya ƙandare. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira silikosis. Mai fasa dutse yakan yi shekara 10 ko fiye kafin ya bayyana a jikinsa. Mai feshin yashi a rufaffen ɗaki kuwa, 'yan shekaru kaɗan sun isa, wani ma watanni. Ba shi da magani. Kuma yana iya ci gaba da cin huhu ko bayan mutum ya bar aikin. Yana buɗe wa tarin fuka ƙofa, kuma tun 1997 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙurar cikin abubuwan da ke jawo dajin huhu.

Labarin da ya fi kama da namu daga Turkiyya ya fito. Wandon jins ɗin nan mai fari-fari a gwiwa da cinya kamar ya tsufa, da feshin yashi ake koɗar da shi a da. Samari 'yan ƙauye daga gabashin ƙasar, irin lardin Bingol, suka riƙa tafiya birnin Istanbul neman kuɗi, suna aiki a ƙananan shaguna marasa tagogi, wasu a nan suke kwana. 'Yan ci-rani ne kamar mu, da yawansu ba su kai shekara 20 ba lokacin da suka fara. Wajen 2004 likitoci suka fara ganin samari suna haki kamar tsofaffi, wasu an yi ta ba su maganin tarin fuka ba sauƙi. Gwamnatin ƙasar ta haramta aikin a 2009, kamfanonin Levi's da H&M suka sanar da daina sayen irin wannan aiki a 2010. Amma kafin nan gommai sun mutu, ɗaruruwa sun koma ƙauyukansu ba sa iya hawa tudu, balle su riƙe fartanya.

Ku dubi yadda jarabar take a wurinmu. Yashi ne abin da ya fi komai araha a ƙasarmu. Da rani kogin Gari da ƙananan rafuka duk sun bushe, 'yan tifa na ɗiba, amalanke na ɗiba. Matashin da ya sayar da akuya da buhun wake ya sayi injin iska, kuɗinsa sun ƙare, ga yashi kyauta a bayan gari, ga rariya a ɗakin inna. Wa zai ce masa kada ya tankaɗe ya zuba? Mu ne za mu ce masa.

Mun san amsar da za a ba mu, don mun saba jin ta a bakin masu fenti da masu niƙa. "Mu da muka tashi cikin ƙurar hunturu da ta sussuka, wace ƙura ce za ta ba mu tsoro?" Ƙurar sussuka da ta shiƙa tana sa atishawa da ƙaiƙayi, kuma ita ma ba abin wasa ba ce, amma ba sabon fasasshen dutse ba ce da ake shaƙa daga kamu ɗaya da hanci, wuni guda, kullum. Wani zai ce zai ɗaure hanci da hankici ko ya sa shuɗin takunkumin zamanin korona. Wannan kamar tare sauro ne da ragar kamun kifi. Sai kuma babban zancen nan na shan madara bayan aiki wai tana wanke ƙirji. 'Yan'uwa, madara ciki take zuwa, ƙura huhu take zuwa. Hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. A sha madara don daɗinta.

Amsar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi, kuma ba za mu raina ta ba. Garin da ƙwararru ke amfani da shi, alminiyam oksaid ko silikon kabaid, shi ne ƙwayoyin da ke jikin samfefa da dutsen wasa wuƙa na inji. Saya ake yi, kuma sai an nema a birni. Sai dai ba kamar yashi ba da ke zama gari tun bugun farko, shi ana tara shi a tace a sake zubawa sau da yawa, kuma zanensa ya fi fita sumul. Tarawar ce ke buƙatar akwatin feshi: rufaffen akwatin ƙarfe mai tagar leƙawa, da ramuka biyu masu dogon safar hannu, da injin zuƙe ƙura mai matata. Gilashi na ciki, mai aiki na waje. Mai walda da ya iya aikinsa zai iya ƙera shi in an nuna masa fasalin. Ƙurar wannan garin ma ba ta shaƙa ba ce, don haka ranar da za a buɗe akwati a share sai an sa takunkumi na gaske, irin N95 ko wanda ya fi shi, a jiƙa ƙasa kafin a share, kada a kaɗe riga da iskar inji. Gilashin da ya fi ƙarfin akwati, irin na babbar ƙofa, aiki ne na mai hular da ake turo wa tsabtacciyar iska ta tiyo. Wanda ba shi da ita ya bar wa masu ita, ko ya lulluɓe ƙofar da sitika mai kama da hazo, wadda daga nesa ba kowa ke bambance ta ba.

Mutum ɗaya ba zai iya sayen duk wannan ba, amma mutum goma za su iya. Mun iya adashi, mun iya gayya, mun sha haɗa kuɗin kayan kiɗa da janareta. In zumunta za ta tallafa wa masu son wannan sana'a, a fara sayen akwati da gari kafin injin iska. In aka fara da injin, yashi zai shigo ta ƙofar baya kafin sauran kuɗin su taru.

A kuma duba inda za a kafa aikin. A ƙasa irin tamu da gida ke manne da gida, shagon matashi yakan zama zauren babansa ne. A nan ƙanne ke wasa, a bayansa ake shanya tsaba da kuka, matar gida ce za ta wanke rigar aikin. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya kashe ɗaruruwan yara da gubar dalma. Gubar daban ce, amma hanyar ɗaya ce: ƙurar sana'a ta shiga tsakar gida. Kuma mun san al'adar shago: aikin da ya fi ƙazanta yaron da ya fi ƙanƙanta ake miƙa wa. Oga na waje yana ciniki, ɗan shekara 14 na ciki da bututu a hannu. Iyayen da za su kai ɗansu koyon wannan aiki a Kano, su shiga har inda ake feshin, su ga me ake zubawa a cikin tukunyar, kafin su ce "ga amana."

Mu kuma masu saye muna da namu rabon. Kwamitin da aka aika ya yo lambar yabo yakan zagaya shago uku ya ɗauki mafi araha, a dawo a yaba masa ya yi tattalin kuɗin zumunta. Daga yanzu a ƙara tambaya ɗaya a kan ta farashi: "Maigida, da me kuke fesawa, kuma a cikin me?" In ya nuna akwati da buhun gari, a biya shi kuɗinsa ko da ya ɗara na maƙwabcinsa, a kuma gaya wa sauran ikilisiyoyi inda yake. In ya nuna tulin yashi, a yi masa bayani cikin ladabi, a wuce. Allon katako da aka sassaƙa da kyau ya isa a karrama kowane bawan Allah.

Akwai kuma waɗanda wannan rubutu ya iske a makare: wanda ya taɓa aikin feshin yashi a wurin ci-rani, ko na goge tankoki da ƙarafa, ko fasa dutse a kwari, ko haƙar ma'adinai. In kana tari da ya ƙi ƙarewa, ko kana haki a tafiyar da da ba ta gajiyar da kai, kada ka tsaya ga maganin kemis. Ka je asibiti a gwada majinarka, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ka nemi a ɗauki hoton ƙirji. In babban asibitin ƙaramar hukuma ya ga abin ya fi ƙarfinsa, zai tura ka Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ka gaya wa likita aikin da ka yi, da shekarun da ka yi kana yi, ko da bai tambaya ba, domin a hoto ciwon nan yakan yi kama da tarin fuka. In kana shan taba ka daina, kuma kada ka koma cikin ƙurar. Shugabannin zumunta na kowace ikilisiya su dubi 'yan ci-ranin da suka dawo bana, wanda ba shi da kuɗin mota a haɗa masa, a sa wani ya raka shi.